Tambayoyi da amsoshi kan rumbunan intanet na nazarin Girkanci, Latinanci da tsoffin matanoni

Wanda ya fara neman adabin tsoffin Girkawa da Rumawa a intanet yakan ci karo da sunaye barkatai: Perseus, TLG, Loeb, JSTOR da sauransu. Wasu kyauta ne, wasu sai da kuɗi, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Ga tambayoyin da ɗalibai da masu bincike suka fi yi, da amsar kowacce.

Duk waɗannan rumbuna abu ɗaya suke yi?

A'a, kuma rashin sanin wannan ne ke ɓata wa sabon shiga lokaci. Akwai rumbun da ke ajiye matanin kansa, wato ainihin abin da marubuci irin mawaƙin Girka Homer ko marubucin Rum Cicero ya rubuta. Akwai na ƙamus. Akwai wanda ba ya ba ka komai ka karanta, sai dai ya faɗa maka wa ya yi rubutu a kan me, a wace mujalla, a wace shekara. Akwai mai ajiye mujallun kansu. Sannan akwai na rubuce-rubucen da aka sassaƙa a duwatsu, da na takardun bardi, wato takardar da Misirawa ke yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu. Kafin ka buɗe ko ɗaya, tsaya ka tantance: matani nake nema, ko ma'anar kalma, ko abin da malamai suka faɗa?

Mene ne aikin mai tahƙiƙin matani?

Babu littafi ko ɗaya na Aflaɗon ko Arisɗo ko Virgil da ya iso gare mu da rubutun hannun mai shi. Abin da muke da shi kwafi ne na kwafi, galibinsu an rubuta su ɗaruruwan shekaru bayan rasuwar marubucin, wasu ma fiye da shekara 1,000. Mai kwafa yakan tsallake layi, ya musanya harafi, ko ya shigar da sharhin gefe cikin matani. Aikin mai tahƙiƙi shi ne ya tara kwafin da suka saura, ya gano wanne aka kwafa daga wanne, ya auna saɓaninsu, ya zaɓi lafazin da ya fi kusa da na asali, sannan ya rubuta sauran lafuzzan a hashiyar ƙasan shafi domin mai karatu ya yi nasa hukuncin. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji ana cewa "a wata riwayar kaza aka ce" ya riga ya san ruhin wannan fanni.

Ba ni da ko kwabo. Daga ina zan fara?

Daga Perseus Digital Library na Jami'ar Tufts a Amurka, wanda Gregory Crane ya jagoranta tun cikin shekarun 1980, ya kuma hau intanet a 1995. Za ka samu manyan marubutan Girkanci da Latinanci, yawancinsu da fassarar Turanci a gefe. Babban alherinsa ga ɗalibi shi ne kana latsa kalma zai nuna maka asalinta da matsayinta a nahawu, ya kuma kai ka ƙamus. Suna da sabon shafin karatu mai suna Scaife Viewer, wanda ya ƙunshi ƙarin matanoni.

Na biyu shi ne Logeion na Jami'ar Chicago. Kalma ɗaya za ka rubuta, ya jero maka abin da ƙamusoshi da dama suka ce a kanta: Liddell da Scott na Girkanci, wanda aka fara bugawa a 1843, da Lewis da Short na Latinanci na 1879. Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar 'yan'uwa na Nijar da Chadi, zai tarar da Bailly da Gaffiot a can.

Na uku shi ne PHI Latin Texts na cibiyar Packard Humanities Institute, wanda ya ƙunshi kusan duk adabin Latinanci da aka rubuta kafin shekara ta 200 miladiyya. Ba shi da fassara, ba shi da ƙawa, amma injin nemansa na da sauri ƙwarai. Waɗannan ukun sun isa su riƙe ɗalibi shekaru kafin ya buƙaci biyan wani abu.

To me ya sa ake ta maganar TLG, har ana biyan kuɗi?

Saboda yalwarsa. Thesaurus Linguae Graecae aiki ne da aka kafa a Jami'ar California da ke Irvine a 1972, da nufin tara duk abin da ya saura na Girkanci tun daga Homer har faɗuwar Ƙusɗanɗiniyya a 1453, yanzu ma ya zarce nan. Kalmomin da ke cikinsa sun haura miliyan 100. Perseus zai ba ka shahararrun marubuta, TLG kuwa zai ba ka har likitoci, masana lissafi, masu sharhin sharhi da malaman coci waɗanda ba kowa ke waiwayarsu ba. Idan tambayarka ita ce "yaushe wannan kalma ta fara ɗaukar wannan ma'ana?", to sai ka ga duk wuraren da ta fito, ba guda goma da suka shahara ba. Nan ne TLG ba shi da na biyu.

Akwai taƙaitaccen sashensa da ake shiga kyauta bayan an yi rajista, tare da ƙamus ɗin Liddell da Scott. Cikakken kuwa sai jami'a ta biya, ko mutum ya biya wa kansa. Shawarata ita ce kada ka biya sai ka kai matakin da tambayarka ta fi ƙarfin na kyauta.

Na nemi kalma, injin ya ce sau kaɗan ta fito, alhali na san ta fi haka. Me ya faru?

Ka nemi siga ɗaya ne ta kalmar, ba tushenta ba. Girkanci da Latinanci harsuna ne masu yawan sauya siga. Fi'ilin Latinanci mai ma'anar "ɗauka" yana zuwa a matsayin fero, tuli, latum, kuma babu wanda zai kalli ukun ya ce daga gida ɗaya suke sai wanda ya koya. Mai Larabci ya san irin wannan: wanda ya nemi ƙala ba zai ga yaƙulu ko ƙul ba. TLG da Perseus suna ba da damar nema ta tushen kalma, su fito maka da duk sigoginta. PHI kuwa haruffan da ka rubuta kawai yake bi, don haka sai ka nemi kowane reshe daban.

A yi hattara kuma: na'ura ce ke tantance tushen, ba mutum ba. Idan siga ɗaya na iya zama ta kalmomi biyu daban, za ta lissafa ta a duka biyun. Alƙaluman da ta ba ka mafarin aiki ne, sai ka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya ka karanta da idonka.

Zan iya dogara da matanin da ke waɗannan rumbuna in kafa hujja a kundin digiri?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a shafin nan, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Kowane matani da ka gani a allo an ɗauko shi ne daga wani bugu na takarda, wanda wani malami ya yi wa tahƙiƙi a wata shekara. Perseus, saboda dokar haƙƙin mallaka, ya fi dogara da tsoffin bugu na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Wasunsu har yau ba su da laifi. Wasu kuwa an samu sababbin takardun bardi bayansu, ko an sake nazarin kwafin da suka dogara da shi, lafazin ya canja.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Perseus da PHI, har da TLG mai tsada, duk sun cire hashiyar saɓanin kwafi. Abin da kake gani zaɓin mai tahƙiƙi ne kawai, ba tare da ka san me ya bari ba. Wata kalmar ma ba ta cikin kowane kwafi, hasashen malamin ne don ya gyara wurin da ya lalace. Mutum zai iya gina babi guda a kan kalma ɗaya, daga baya ya tarar wani Bajamushe ne ya kawo ta a ƙarni na 19, marubucin bai taɓa rubuta ta ba. Matani ba tare da wannan hashiya ba tamkar hadisi ne da aka yanke wa isnadi: mai yiwuwa ingantacce ne, amma ba ka da hanyar da za ka bincika.

Don haka ka yi nema a rumbu, ka kafa hujja da bugu. Duba bayanin da rumbun ya bayar game da wanda ya yi tahƙiƙin da shekarar bugawa, ka rubuta su. Duk wurin da hujjarka ta rataya a kansa, ka koma ga bugun da ke da hashiya: na Oxford, ko na Teubner na Jamus, ko na Budé na Faransa mai fassarar Faransanci a gefe. Tsoffin bugu da yawa na Teubner da Oxford suna nan a Internet Archive da hotunan shafukansu, hashiya da komai, kyauta. Ga waƙoƙin Latinanci kuma akwai Musisque Deoque na Italiya, wanda ya yi ƙoƙarin shigar da saɓanin kwafi cikin neman kansa, abin da ya kamata sauran su yi koyi da shi.

Shafukan da ke baza matani ba tare da sun faɗi bugun da suka ɗauko ba, a karanta su don nishaɗi ko bita, kada a ambace su a aikin ilimi.

TLL fa? Shi ne TLG na Latinanci?

Sunan ne ya yi kama, aikin daban. Thesaurus Linguae Latinae ƙamus ne, ba taskar matanoni ba. An fara shi a 1894, ana yin sa a birnin Munich, kashin farko ya fito a 1900, kuma har yau ba a gama ba. Yana bin tarihin kowace kalma tun daga rubutun Latinanci mafi tsufa har wajen shekara ta 600, ta amfani da ƙananan takardu kimanin miliyan 10 da aka rubuta wuraren da kalmomi suka fito. An kammala haruffan A zuwa M, da O da P, ana kan N da R. Juzu'an da suka fito an saka su kyauta a shafin makarantar kimiyya ta Bavaria da ke kula da aikin. Bayanin cikinsa duk da Latinanci ne, cike da taƙaitattun alamomi, saboda haka ba na mai koyo ba ne.

Ta yaya zan san abin da malamai suka riga suka rubuta a kan batuna?

L'Année philologique ne babban kundin wannan aiki. Jules Marouzeau ya assasa shi a Faransa, yana lissafa abin da aka wallafa tun daga 1924, littattafai da maƙaloli da sharhin littattafai, tare da ɗan taƙaitaccen bayani kan maƙala. Ba zai ba ka maƙalar ba, zai faɗa maka inda take. Sai da kuɗi ake shiga, kuma yakan makara kafin ya shigar da sababbin ayyuka. Madadinsa na kyauta shi ne Gnomon Bibliographische Datenbank na Jamus.

Da ka samu sunan maƙala sai ka nufi JSTOR, wanda ke ajiye tsoffin fitowar mujallu tun daga ta farko, ko da yake galibi ba ya ɗauke da na 'yan shekarun baya-bayan nan. Mutum na iya buɗe asusun kyauta ya karanta adadin maƙaloli a kowane wata a kan allo. Tun 2006 kuma suna da shirin sassauta wa jami'o'in Afirka, don haka ka tambayi ma'aikatan laburaren makarantarku, sau da yawa ƙofar a buɗe take ɗalibai ba su sani ba. Mujallun Faransa da yawa suna Persée kyauta. Idan kuma kana son sanin ko wani sabon littafi ya cancanci wahalar nemansa, Bryn Mawr Classical Review na wallafa sharhin littattafai tun 1990, ba a biyan komai.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa ɗalibi da wuri ba: babban kaso na aikin wannan fanni da Jamusanci, Faransanci da Italiyanci yake. Wanda ya tsaya a Turanci kaɗai zai riƙa maimaita abin da aka gama tun tuni.

Loeb fa?

Jerin littattafai ne da James Loeb ya kafa a 1911, matani a shafin hagu, fassarar Turanci a dama, kore ga Girkanci, ja ga Latinanci. Sun haura juzu'i 500, kuma Harvard ta saka su a intanet a 2014, da kuɗi. Yana da daɗin karatu, amma hashiyarsa 'yar kaɗan ce.

Me zan samu a rumbunan duwatsu da takardun bardi wanda babu a littattafai?

Muryar talakawa. Littattafai manya ne suka rubuta su, amma rubutun kabari, takardar bashi, rasit ɗin haraji, yarjejeniyar aure da wasiƙar soja zuwa ga mahaifiyarsa suna nuna yadda ake magana da rubutu a kasuwa da gida. Papyri.info ya haɗa aikin Jami'ar Duke da na Heidelberg da wasu, kyauta ne, yana ba da matani, wani lokaci da fassara da hoto. Yawancin takardun daga Masar suka fito, inda bushewar ƙasa ta kare su. Shahararren wurin shi ne Oxyrhynchus, wato Bahnasa ta yau, inda masanan Ingila Grenfell da Hunt suka fara tono a jujin garin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau ba a gama wallafa abin da suka kwaso ba. Trismegistos na Jami'ar Leuven a Beljiyam na bai wa kowace takarda lambarta, yana kuma bin sunayen mutane da wurare.

Ga rubutun duwatsu na Latinanci akwai rumbun Clauss-Slaby mai rubutu fiye da 500,000, na Girkanci kuma akwai na PHI. Duwatsun yankin Tarabulus na Libiya suna da nasu, Inscriptions of Roman Tripolitania, wanda aka buga a 1952, aka saka a intanet a 2009. A nan sai ka koyi alamomin masu tahƙiƙi: haruffan da ke cikin baka mai kusurwa, wato [ ], ba sa kan dutsen, cikon malami ne.

Zan iya ganin tsoffin kwafin da idona?

Ƙwarai. Laburaren Vatican na da DigiVatLib, na ƙasar Faransa na da Gallica, Suwizalan na da e-codices. Pinakes na Paris zai faɗa maka wane kwafin Girkanci ke wane laburare. Shahararren kwafin Iliad, waƙar Homer, na ƙarni na 10 da ke Venice, wanda ake kira Venetus A, an ɗauki hotonsa shafi-shafi tare da sharhin da ya cika gefensa. Gani ya kori ji, amma karanta hannun masu kwafa wani fanni ne mai zaman kansa da sai an koya.

Yaya ake ambaton wuri a matani?

Ba da lambar shafin fassara ba, ba kuma da adireshin intanet ba. Kowane marubuci na da tsarin da aka amince da shi: littafi da layi ga mawaƙa, littafi da babi ga masu tarihi. Aflaɗon ana bin shafukan bugun Stephanus na 1578, Arisɗo kuma lambobin bugun Bekker na 1831. Da waɗannan lambobi kowa zai samu wurin, a kowane bugu, a kowane harshe.

Akwai abin da ya shafi Afirka a cikin wannan adabi?

Da yawa. Cikin marubutan Latinanci, Terence haifaffen Carthage ne a Tunisiya ta yau, Apuleius da Augustine kuma 'yan Aljeriya ta yau ne. Gwada wannan a Perseus: buɗe tarihin Bagirke Herodotus, littafi na 2, babi na 32, inda ya ba da labarin samarin da suka keta hamada har suka isa wani babban kogi mai kadoji da ke gudana daga yamma zuwa gabas. Wasu masana sun ce kogin Neja ne, wasu sun musa. A littafi na 4, babi na 183, ya yi maganar Garamantes, mutanen Fazzan. Sai ka ɗauki sunan ka nema a PHI ka ga abin da marubucin Rum Pliny ya ce a littafinsa na 5, ka duba wurin a Pleiades, rumbun taswirar tsoffin wurare, sannan ka nemi muhawarar malamai a JSTOR. Tambaya ɗaya ta bi da kai rumbuna huɗu, kowanne ya yi aikinsa.

Ni Larabci na karanta. Ina ruwana da wannan?

Ruwanka ya fi na mutane da yawa. A zamanin Abbasiyawa, Hunaini bn Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, da almajiransa sun fassara ɗimbin littattafan likitanci da falsafa daga Girkanci. Wasu ayyukan asalinsu ya ɓace, da Larabci kaɗai suka tsira: littafi na 5 zuwa na 7 na Apollonius kan lissafin siffofi, da ƙarshen littafin likita Jalinus (Galen) kan fiɗa. Ilimin manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu ma daga wannan hanya ya biyo. Akwai Glossarium Graeco-Arabicum na Berlin, wanda ke nuna wace kalmar Larabci aka sa a madadin wace ta Girkanci, da Digital Corpus for Graeco-Arabic Studies. Mai Larabci mai ƙarfi da ya ƙara Girkanci ya shiga fagen da ke ƙarancin ma'aikata.

Gargaɗin da aka yi kan Perseus ya hau kan rumbunan matanonin Larabci, Maktabatus Shamila da OpenITI, daidai wa daida: ka san bugun da aka kwafa, ka koma ga hoton shafin kafin ka kafa hujja.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba za su ɗauke mini duk wannan wahala ba?

Suna da amfani na gaske a wasu wurare. Ithaca, wanda kamfanin DeepMind ya fitar a 2022, na taimakawa wajen cike gurbin rubutun duwatsun Girkanci: a gwajin da aka yi, shi kaɗai ya dace da kashi 62 cikin 100, masana su kaɗai kashi 25, da suka haɗu kuwa kashi 72. A gasar Vesuvius Challenge da aka fara a 2023, an karanta haruffa fiye da 2,000 daga naɗaɗɗiyar takardar garin Herculaneum na Italiya da aman wutar dutsen Vesuvius na shekara ta 79 ya mayar gawayi, ba tare da an warware ta ba, kuma cikin ukun da suka ci babbar kyautar akwai ɗalibi ɗan Masar, Youssef Nader. Amma manhajojin hira na iya ƙaga baitin da babu shi, ko maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, su kawo da lambar shafi. Duk abin da suka ba ka, ka neme shi a rumbu. In ba ka same shi ba, ka yar.

Wuta da intanet ba su da tabbas a inda nake. Akwai dabara?

Shafukan matani ba sa cin data sosai, hotunan kwafi ne ke ci. Sauke abin da kake aiki a kansa ka ajiye. Matanonin Perseus suna shafin ajiya na GitHub ana iya kwashe su, kuma manhajar Diogenes ta Peter Heslin, wadda ake samu kyauta, tana aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba, da ƙamusoshin Girkanci da Latinanci a cikinta. Ajiye naka kwafi ba na masu matsalar wuta kaɗai ba ne: harin da aka kai wa kwamfutocin British Library a Oktoban 2023 ya rufe hotunan rubuce-rubucensu na dogon lokaci ga duniya baki ɗaya.

Dole ne in koyi harshen, tunda latsa kalma na ba ni ma'ana?

Dole ne, idan bincike kake so ka yi. Latsawa za ta ce maka wannan siga na iya zama abu uku, ba za ta ce maka wanne marubucin ke nufi ba. Wannan sai nahawu da yawan karatu. Dickinson College Commentaries na ba da matanoni da sharhi da jerin kalmomin da suka fi yawan fitowa, kimanin 1,000 na Latinanci da 500 na Girkanci, kyauta, kuma wanda ya haddace su ya rage yawan komawa ƙamus sosai. Mai son karatu a aji kuwa, Jami'ar Ibadan na da sashen wannan fanni tun kafuwarta a 1948, haka ma ana koyar da shi a Jami'ar Ghana da ke Legon da ta Cape Coast.